Hoton Tsakar Gidanmu na Iku

Mahaifina mai hoto ne. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar mutanen Suleja a wani ɗan shago kusa da kasuwa, har hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa ya rufe shagon. Yanzu haske da duhu kawai yake rarrabewa, sai inuwar mutum in ya gitta ta gabansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini. Ina aikin ofis a Abuja, in fita da sassafe in dawo gidanmu na unguwar Hashimi da magariba. Ban taɓa koyon sana'arsa ba, iyakar sanina da hoto shi ne na waya.

A ƙarshen wata damina dangi suka tsai da shawarar rushe tsohon gidan kakanninmu da ke unguwar Iku, a gina ɗakunan haya kamar yadda maƙwabta suka yi. Gwaggo, yayar Baba, ita kaɗai ta rage a ciki daga danginmu, kuma an shirya za ta dawo wurinmu da zama. Ranar da labarin ya tabbata Baba ya kira ni.

"Uwata, ina so a ɗauki tsakar gidan nan kafin a taɓa shi."

"To Baba, ranar Asabar sai in je. Wayata tana ɗaukar wuri mai faɗi."

"Ba da waya ba. Sauko mini da akwatin da ke saman sif."

Na tambaye shi dalili, ya ce in dai sauko da shi. Har yau iyakar amsar da na samu ke nan.

Na ɗauki hutu ranar Juma'a don ya koya mini. Kyamarar ta katako ce, a naɗe kamar ƙaramin akwati. In an buɗe ta, murfin gaba ya sauko ya kwanta kamar tire, da ƙarafa biyu a kansa irin layin dogo. A kan ƙarafan nan idon kyamara ke tafiya gaba da baya, yana jan wata baƙar fata mai ninki-ninki da Baba ke kira zugazugi. A bayanta akwai gilashi mai hazo, girman tafin hannun babban mutum. Nan ake ganin abin da za a ɗauka, bayan mutum ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi.

Muka kafa ta a kan ƙafafunta uku a tsakar gida. Da idon da ya saba aiki da shi muka fara. Na shiga mayafin, sai ga kajinmu suna tafiya a sama kawunansu na kallon ƙasa, ƙofar kicin da ke damana ta koma hagu. Na fito na gaya masa an sa wani abu a juye.

"Haka take gani. Za ki saba."

Daga nan ya sa na ɗauko wani gwangwanin madara daga ƙasan akwatin. A ciki, naɗe a tsohuwar hula, akwai wani ido dabam, gajere, mai ƙullutun gilashi gaba da baya. Ya ce wani Bature da ke ɗaukar gine-gine lokacin da ake gina Abuja ne ya bar masa shi da zai koma gida. Sau biyu kawai ya yi aiki da shi, duka a taron biki, kuma duka an dawo masa da hoton, saboda waɗanda suka tsaya a gefe sun fito da faɗi kamar an danne su. Amma tsakar gidan Iku matsattsiya ce, babu inda za a ja da baya, in ba da shi ba rabinta kawai za a samu.

Da muka ɗaura shi na koma cikin mayafin, ban ga komai ba.

"Matso da shi baya," in ji Baba. "Ƙara. Ƙara dai."

Na yi ta murɗawa har zugazugin ya matse wuri guda, tsakanin ido da gilashi bai fi yatsu huɗu ba. Sai wani ɗan haske ya bayyana a tsakiya, bai fi bakin kofi ba, kewayensa duhu.

"Baba, tsakiya kawai nake gani."

"Sauran suna nan. Ki karkata kanki, ki kalli kusurwa ta inda hasken ke zuwa mata."

Ban gane ba, amma na ce to. Na yi ta lanƙwasa wuya, wani lokaci kusurwa ɗaya ta haska in ga rufin maƙwabta, da na motsa kaɗan ta ɓace. Ban taɓa ganin hoton gaba ɗaya a lokaci guda ba. Ya karanto mini matakan aikin na rubuta a takarda: a buɗe ido, a saita, a rufe ido, a rage ƙofar haske, a sa gidan fim, wato ɗan akwatin da fim ke ciki, a zare murfinsa, a latsa, a mayar da murfi. A tsakiya ya ce, "Da wannan idon sai an sauke katako." Na rubuta, na ɗauka buɗe murfin gaba yake nufi, abin da na riga na yi.

Fim ɗin irin kyamarar ya daɗe da ɓacewa daga kasuwarmu. Wanda ya fitar da mu shi ne abokin Baba na shekara da shekaru, wani dattijo Kirista mutumin Filato da ke zaune a Bagama. Ya yi ritaya daga aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, don haka Baba ke ce masa Likita, mu kuma Baba Likita. Ya samo fim ɗin hoton ƙashi, ya yanka da almakashi daidai girman kyamarar, ya loda guda huɗu. Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Guda huɗu ne kawai," ya ce mini. "Ka yi hankali, yana saurin karcewa."

Ranar Asabar da hantsi muka shiga Keke mu uku, ni da Baba da Baba Likita, zuwa Iku, ƙafafun kyamara sun leƙo waje. Rabon Baba da gidan tun kafin idonsa ya tafi. Na riƙe hannunsa muka shiga ta ƙaramar ƙofar ƙarfe. Gwaggo ta riga ta sa 'yan haya sun kwashe shanyarsu, ta share wurin, ta ɗaura zaninta na fita unguwa. Gidan ya fi yadda nake tuna shi ƙanƙanta. An cusa ɗakunan bulo biyu a cikin tsakar gidan, an rufe rijiya da kankare an bar ɗan murfi, ga tankin roba a gefenta.

Na kafa kyamarar a bakin ƙofar shigowa, bayana na gogar bango. Baba ya ce in ɗora ɗan ma'aunin magina mai kumfa a kanta, domin in ta karkata ko kaɗan, wannan idon zai sa bangaye su yi kamar za su faɗi. Na daɗe ina fama da ƙafafun. In kumfar ta tsaya a tsakiya ta wannan gefe, sai ta gudu ta wancan. Aka ajiye wa Baba kujera kusa da ni, na shiga mayafin.

"Kina ganin rijiya? Tana dama."

Na karkata kai har na samo ta, tana rataye a sama, ta dama. "Eh Baba, tana dama."

"A gilashi ko a waje?"

"A gilashi."

"In a gilashi tana dama, a waje tana hagu ke nan. Ni waje nake nufi. Duba da kyau."

Na fito daga mayafin na duba da idona. Rijiya tana hagu. Na koma, tana dama. Na sake fitowa na ɗaga hannun da nake cin abinci da shi don in tabbatar.

"Malam, rijiya yana hagu," in ji Baba Likita.

Baba ya ce, "An matsar da ita ne?"

Gwaggo ta ce, "Mai hoto, rijiya ake matsarwa? Inda Babanmu ya haƙa ta nan take."

"To shi ke nan. Uwata, abin da nake so ya fito shi ne rijiya da ƙofar ɗakin Inna. Ɗakin yana can ƙarshe ta hagu, mai dakali."

"Wane ƙarshe?" in ji Gwaggo. "Ga ɗakin Inna nan kusa da kai, ta damanka. In ka miƙa sandarka za ka taɓa ƙyauren. A ciki nake kwana."

"Yaya, a ɗakin nan fa aka haife ni."

"Ni na riƙe fitila da aka haife ka."

A ƙarshen gidan ta hagu akwai ɗaki mai dakali, wata malamar makaranta ke haya a ciki. Ɗakin Gwaggo ma yana da dakali. Na dubi Baba Likita ko zai raba gardamar, ya ce shi bai taɓa wuce zaure ba a zamanin. Kowannensu yana magana da tabbaci, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba. Sai na ce zan sa duka ƙofofin biyu, tunda idon yana ɗaukar komai.

Ya kuwa ɗauki komai, har abin da ban nema ba. Da na bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya na ga bakin kwanon rufin da ke samanmu, na ga takalmin Baba Likita duk da yana tsaye kusan kafaɗa da kafaɗa da ni. Na ce ya ja baya. Na so in ɗaga idon sama kaɗan don ƙasa ta ragu, Baba ya ce akwai abin murɗawa na hakan, amma zugazugin ya matse har ya ƙi motsi, na ji fatar tana ƙara kamar za ta yage, na bari. Saitin kansa ya fi komai wuya. Komai ya fito ƙanana, ko na murɗa gaba ko baya kusan ɗaya nake gani. Da gilashin masu gyaran agogo da Baba ya ba ni na samo layin bulo guda na tsaya a kansa, ban da tabbacin daidai ne. Gumi yana shiga idona, numfashina yana sa gilashin ya ƙara hazo.

Na ce wa Gwaggo ta zo tsakiya ta zauna. Ta ƙi. Ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zauna a bakin ƙofarta da carbi a hannu, a can gefen hoton.

"Yaya, gefe ba ya yi wa mutum kyau da wannan idon," in ji Baba.

"Ɗakin Inna kuka zo ɗauka, ga ni a bakinsa."

Na sa gidan fim, na zare murfi. Hannuna na kan abin latsawa Baba ya ce, "Kin rufe ido?"

Ban rufe ba. Takardar matakan tana cikin jakata. Haske ya riga ya cinye fim na farko.

Na biyu na bi takarda layi-layi, na latsa, muka ji ɗan ƙaran. Na mayar da murfi ina jin daɗi. Baba ya ce in kama hannunsa in ɗora a kan kyamarar. Ya bi ta da yatsu daga baya zuwa gaba, da ya kai kan katakon gaba ya tsaya.

"Ba ki sauke katako ba."

"Na sauke, Baba, ga shi a buɗe."

"Buɗewa dabam, saukewa dabam. Idon nan yana ganin ƙafarsa. Kin ɗauki katakon kyamara."

Ya danna wasu ƙarafa biyu a gefe da manyan yatsunsa, katakon ya yi ƙasa kamar an sunkuyar da shi. Idon ya bi shi ya kalli ƙasa, sai Baba ya kwance wani abu ya miƙar da idon tsaye, ya ɗaure. Duka bai ɗauke shi minti ɗaya ba, fuskarsa na kallon bango. Na koma mayafin na nemi katakon da ya ce yana fitowa. Ban gan shi ba, amma kafin ya gyara ma ban gan shi ba, don wurin duhu ne. Duk saitin da na yi ya rushe, na sake daga farko.

Kafin in gama hadari ya taso daga gabas, hasken ya ragu. Baba ya ɗaga fuska sama ya ce a ba shi daƙiƙa ɗaya. Baba Likita ya ce shi ya san fim ɗinsa, biyu yake so. Ƙarfen cikin idon ya tsufa, ba ya ƙirga dogon lokaci da kansa, sai dai in danna in ƙirga in saki. Na danna, su biyun suka shiga ƙirgawa da baki, kowa da saurinsa. Na saki a wani wuri tsakaninsu.

Saura ɗaya. Baba ya miƙe ya ce a kai shi tsakiyar gidan. Baba Likita ya kai shi kusa da tankin ya tsayar da shi. Sai Baba ya juyo ba daidai inda kyamara take ba, ya ɗan karkata yana kallon bangon maƙwabta. Na buɗe baki zan gaya masa, ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan mayafin. Na rufe ido, na zare murfi, na ce kowa ya tsaya, na ƙirga biyu ni kaɗai.

Da la'asar muka wanke fim ɗin guda huɗu a banɗakin Baba Likita a Bagama. Ya toshe taga da bargo, ya kunna jan ƙwan fitila, ya jera robobi uku a ƙasa. Matarsa ta ba Baba kujera a baranda, yana ta tambaya ta bayan ƙofa ko an ga wani abu. Na farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ga gidan nan sarai, amma ƙarafa biyu manya sun shigo daga ƙasa sun kai kusan rijiya. Na uku ya yi fari-fari, kuma farcena ya ja masa layi daga sama har ƙasa. Na huɗu Baba Likita ya ɗaga a gaban fitilar ya daɗe yana dubawa, kamar yadda ya saba duba ƙirjin mutane.

"Wannan yana da lafiya," ya ce.

Ni ban iya karanta shi ba, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ranar Litinin na kai shi wani shagon hoto a Abuja, suka sa a na'ura suka buga mini babba. A cikin mota na buɗe. Tsakar gidan ta fito da girma kamar filin makaranta. Baba yana tsaye a tsakiya, ɗan ƙarami, kamar yana da nisa ƙwarai, alhali taku kaɗan ne tsakaninmu. Tsakiyar da haske, kusurwoyi huɗu sun yi duhu. Gwaggo tana gefe, ita da ba ta da jiki ta yi faɗi, ƙofar da ke bayanta ma ta miƙe. Ban san ko hoton ya yi kyau ko ya lalace ba. Na daɗe ina kallonsa ina jin wani abu ba daidai ba, na kasa gane ko mene ne.

A makon ne Gwaggo ta tare a gidanmu. Na miƙa mata hoton ina jiran faɗa a kan faɗin da ta yi. Ba ta ko ambace shi ba.

"Yaushe na fara jan carbi da hagu?"

Na karɓa na duba. Carbin yana hannun hagu, ƙofarta ta koma hagu, rijiya tana dama. Na kira Baba Likita a waya. Ya yi dariya ya ce fim ɗin hoton ƙashi gaba da bayansa iri ɗaya ne, masu shagon sun kifa shi ne. Washegari na koma aka buga wani daidai.

Na kawo wa Baba duka biyun. Ya kai kowanne kusa da fuskarsa, ya ce haske kawai yake gani a tsakiya. Ya sa na faɗa masa abin da ke ciki tun daga gefe zuwa gefe, har ya tambaya ko bangayen sun tsaya a miƙe. Na ce sun tsaya. Ya ce to aikin ya yi.

"Wanne ne rijiya ke dama?"

"Wanda aka kifa, Baba. Kuskure ne."

"Shi za ki sa mini a firam."

Gwaggo ta ɗauki ɗayan ta sa a ƙasan akwatinta.

Bayan an rushe gidan da kamar wata guda, muna tsince shinkafa ni da Gwaggo, sai ta ce ta gano inda maganar take. Da can zauren gidan yana ɗaya ƙarshen ne, ta gabas. Da aka fitar da sabuwar hanya aka toshe shi aka mai da shi ɗaki, aka fasa ƙofar ƙarfen da muka shiga ta ita. In mutum ya shigo ta tsohon zaure, rijiya tana damansa, ɗakin Inna kuma yana can ƙarshe ta hagu.

"Ashe ku duka kuna da gaskiya," na ce. "Da a can muka kafa kyamarar. Me ya sa ba ki faɗa ba ranar?"

"Ranar ban tuna ba. Kuma ba wanda ya tambaye ni."

Na tashi da shinkafar a hannuna na sami Baba a ɗakinsa yana sauraron rediyo. Na kwashe bayanin Gwaggo na gaya masa, ina ganin na kawo masa abin da zai warware komai. Ya rage muryar rediyon ya saurare ni har na gama.

"Na san an toshe zauren," ya ce. "Ni na kawo maginin da ya toshe shi. Na san ta ƙofar da muka shiga."

"To Baba, ya aka yi rijiya ta zama dama?"

"A dama take."

Na tsaya ina jiran ƙarin bayani. Ya tambaye ni ko na goge idon kafin in mayar da shi, don damina tana sa gilashi ya yi fumfuna. Na ce ban goge ba. Ya ce in ɗauko shi da ƙyalle mai laushi in zo nan kusa da taga, zai nuna mini yadda ake yi. Na ajiye shinkafar a bakin ƙofa na je na ɗauko.